Sunayen Hotunan Baba

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana ɗaukar hoto a shago guda, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda da ƙwaƙwalwarsa ba, littafi ya yarda da shi. Duk wanda ya zauna a gaban kyamararsa sai ya shiga littafi: sunansa, ranar da ya zo, kayan da ke jikinsa, da ko ya dawo ya karɓi hotonsa. Lambar littafi, lambar shafi, lambar layi, su ukun nan su ne sunan hoto a wurin Baba. Su yake rubutawa a ambulan ɗin fim, su yake rubutawa a ɗan katin da mutum zai tafi da shi. 'Yan layin suna tsokanarsa wai ko asibiti ba ta kai shi son lamba ba. Ko a jikinsa.

Da waya ta shiga hannun kowa, shago ya mutu a tsaye. Danshi ya shiga kwalayen fim suka fara warin tsami, wasu har sun manne da juna. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ce abin ya faɗa wa a ka, don a gidan nan duk aikin da ba wanda yake so hanyar ɗakinta yake bi. A ɗakin kati na wani asibiti take aiki. Ta tashi daga aiki ƙarfe huɗu, ta biya gidan Baba, ta zauna a teburin falo da na'urar sikanin, ta yi ta mayar da fim cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kowane fayil da lambar ambulan ɗinsa. Shekara biyu ta kwashe a kan hoto dubu goma sha ɗaya da ɗoriya. Da ta gama, Yaya, babban wanta, ya kwashe ruɓaɓɓun kwalayen ya zubar, ya mayar wa mai shago makullinsa. Abin da ya rage a duniya na aikin Baba shi ne littattafai ashirin da shida a cikin kabad, da fayilolin da ke kwamfutar Auta.

Burin Baba ɗaya ne, kuma ya faɗe shi har an gaji da ji. Hoton da ba a karɓa ba amana ne, yana so ya koma hannun masu shi ko 'ya'yansu tun yana iya gane abin da ya ɗauka. Idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama ma sai da tabarau mai kauri. Ƙwaƙwalwar kuma ta fara yi masa wasa, wani lokacin sai ya kira Auta da sunan yayarta, ya tsaya yana mamakin me ya sa ba ta amsa ba.

Wani abokin Yaya da kowa ke kira Injiniya shi ya buɗe musu shafi a intanet, aka ɗora hotunan. Aka zauna jira. Wata takwas, babu wanda ya kira, babu wanda ya zo. Ɗan ƙirgen da ke bayan shafin yana nuna mutum tara a sati, Auta kuwa ta san shida daga ciki ita ce. Kullum ta shigo Baba zai ɗaga kai ya ce, "Auta, an zo?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Baba." Kalmar nan ta gajiyar da ita fiye da shekara biyun sikanin.

Wata Asabar Injiniya ya zo ya duba. Mutum ne mai tsabta da ƙamshi da yawan magana, irin wanda idan ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga yadda ake ƙera agogo. Ya buɗe kwamfutar, ya leƙa, ya dafe kai.

"Ƙanwata, mene ne wannan? Sha huɗu, sittin da biyu, biyar? Wannan ne sunan hoto?"

"Lambar Baba ce."

"To ai shi ya sa! Kin ga injin binciken nan makaho ne, ba ya ganin hoto, suna yake karantawa. Wa zai zauna ya rubuta sha huɗu sittin da biyu biyar yana neman kakarsa? Abin da ke cikin hoton za ki rubuta. Tsohon hoton amarya. Tsohon hoton saurayi da keke. Ki raba kalmomin da ɗan layi. Wata biyu, ki zo ki ba ni labari, sai kun rasa wurin ajiye baƙi."

"Sunayen mutanen fa? Suna cikin littafi."

"A'a, a'a. Ba a baza sunan mutane haka ba da izininsu ba, kuma ba shi ake nema ba."

"To in bar lambar a ƙarshen sunan?"

Ya yamutsa fuska kamar an ba shi magani. "Tana ƙara tsawo ne kawai, tana rikita injin. Ki share ta. Tsaf-tsaf ake so."

A nan ne ya kamata Auta ta ce a'a. Ita da kullum take yi wa sababbin ma'aikata faɗa cewa majinyaci zai iya sauya suna, ya sauya unguwa, amma lambar katinsa ba a taɓa ta. Ita da ta taɓa hana wani babban likita fita da fayil don ya manna takarda a kan lambar. Sai dai a gajiye take ranar, kuma mutumin yana magana da tabbaci, ita kuwa ta ƙosa ta ji wani ya ce ga hanya. Ta ce, "To."

Haka ta koma teburin falo. Ta buɗe hoto, ta dube shi, ta share lamba, ta rubuta suna. Satin farko har da nishaɗi. Tsohon hoton jariri a kan kujera yana kuka. Tsohon hoton 'yan mata uku da jaka iri ɗaya. Tsohon hoton dattijo da rediyo a cinya, wanda ta san rediyon shago ne, ko batir babu a ciki. A sati na uku kalmomi suka ƙare mata. Mutane dubu sha ɗaya, amma tsayuwarsu ba ta fi kala goma ba, kowa hannu a ƙugu ko hannu a gwiwa, kowa ya ɗaure fuska kamar za a yi masa allura. Ta koma tsohon hoton saurayi ɗaya, saurayi biyu, saurayi ɗari uku, tana tsallake-tsallake daga wannan jaka zuwa waccan yadda gajiya ta kai ta. Wuyanta ya ƙage, yatsanta ya yi kanta. Mijinta ya fara cewa ko dai ta kwashe kayanta ta koma gidan Baba gaba ɗaya, a huta. 'Yarta ta makarantar firamare ta koyi dafa taliya da kanta.

Baba kuwa yana daga kujerarsa yana jin ƙarar madannai. Da ya tambaya sai ta ce gyara ake yi don mutane su same su da sauƙi. Ya sa mata albarka. Ba ta gaya masa irin gyaran ba, don a can ƙasan ranta ta san abin da zai ce.

Wata huɗu ta yi. Ranar da ta gama, Injiniya ya zo da wata manhaja da ya ce tana rage wa hotuna nauyi don shafi ya riƙa buɗewa da sauri. Ya tura su duka ta ciki, suka fito sababbi, kowanne ɗauke da kwanan watan ranar. Ya ɗora su a shafin a madadin masu lamba. Kwamfutar ta yi ƙorafin ta cika, ya goge tsofaffin. Ya karɓi ɗan akwatin ajiyar da take kwafe aikinta a ciki, ya ce barin iri biyu shi ke kawo ruɗani, ya ɗora sababbin a kan na da. Duk a gabanta aka yi, tana zaune tana murza ido.

Bayan wata biyu ƙirge ya tashi daga tara zuwa sha uku. Ta kira shi a waya daga ɗakin kati, lokacin hutun rana.

"Ai ƙanwata, sunan fayil ƙaramin abu ne," in ji Injiniya, ko kunya babu. "Yana ɗan taimakawa, amma ba shi ne babba ba. Bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto ya fi shi, da kuma a samu wasu shafuka suna nuno naku. Wannan shi ne mataki na gaba. Yaushe kike da lokaci?"

Ta kalli wayar kamar ta maka ta da bango. Amma ko ƙarfin fushi ba ta da shi. Ta ce layi ya cika, ta kashe, ta ci gaba da miƙa wa mutane katinsu ta taga.

Baƙuwar ta zo wata Asabar da hantsi, kuma ba ta intanet ta zo ba. Ƙafa ta kawo ta. Ta je tsohon shagon ta tarar ana sayar da caja da murfin waya, mai gyaran takalmin da ke gefe ya kwatanta mata gidan. Mace ce da za ta kai hamsin, doguwa, malamar makaranta, ta riƙe jakarta da hannu biyu a cinya. Bayan gaisuwa ta zaro wani ɗan kati da ya yi ja don tsufa, ta miƙa wa Baba.

"Baba, a cikin akwatin mahaifiyata na same shi, wata uku ke nan da rasuwarta. Mahaifina ya rasu ina ciki, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Danginsa ba 'yan nan ba ne, ban san kowa nasa ba. Takan ce sau ɗaya ya taɓa ɗaukar hoto, sati biyu kafin hatsarin da ya kashe shi, kuma ba a karɓo ba. Ban san ta ajiye katin ba."

Rabon Auta da ta ga mahaifinta ya miƙe da sauri haka har ta manta. Ya kai katin kusa da idonsa mai gani, ya karanta da ƙarfi, "Bakwai, ɗari da uku, biyu." Ya buɗe kabad, hannunsa ya tafi kai tsaye kan littafi na bakwai, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. Ya karanto sunan mutumin, matar ta rufe baki da gefen gyalenta. Ya ci gaba, "Namiji, shi kaɗai, farar riga, a tsaye. Bai karɓa ba." Ya ɗago yana murmushi har haƙoransa biyun da suka rage a sama suka fito. "Kin gani ko? Suna ta yi mini dariya. Auta, ɗauko mata mahaifinta."

Auta tana tsaye a ƙofar kicin da tiren ruwa. Ta ajiye tiren a hankali, ta zo ta durƙusa kusa da kujerarsa, ta gaya masa. Ba ta sa sunan Injiniya a ciki ba, don hannunta ne ya share lambobin, sau dubu goma sha ɗaya. Ta ce hotunan suna nan duka, ko ɗaya bai ɓata ba, amma babu sauran abin da ya haɗa su da littafi.

Baba bai gane ba da farko. Ya sa ta maimaita. Ya tambayi ambulan, ta tuna masa an zubar. Ya tambayi akwatin ajiya, ta girgiza kai. Ya zauna da littafin a buɗe a cinyarsa, yatsansa har yanzu a kan layi na biyu. Da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi. Sai fuskarsa ta koma ta tsoho sosai a gabanta, kunya kuma ta lulluɓe ta har ta kasa ɗaga kai ta kalli baƙuwar.

Malamar ce ta yi magana. "Ƙanwata, samarin nawa ne a ciki?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu."

"Masu farar riga fa?"

"Hoton baƙi da fari ne, Anti. Rabinsu farar riga ce."

"To mu gani. Ban da abin yi yau."

Suka jawo kujeru gaban kwamfutar, Baba a tsakiya, hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Auta tana dannawa, samari suna wucewa. Mai gashin baki, mai agogo a kan hannun riga don a gani, mai ƙafa ɗaya a kan kujera, mai riƙe da fulawar roba kamar an tilasta masa. Malamar tana duba kowanne da kyau, tana neman hancinta ko goshinta a fuskar baƙo. Rana ta yi tsaka, aka kawo abinci ya huce ba wanda ya taɓa. Auta tana jin wuyanta yana sara a daidai inda ya saba.

Wajen na ɗari huɗu malamar ta kama hannun Auta. "Tsaya. Koma baya."

Wani dogon saurayi ne, siriri, kunnuwansa sun ɗan buɗe, yana kallon kyamara kamar yana danne dariya.

"Kunnen ɗana ke nan," ta ce. "Wallahi kunnen babban ɗana. Har tsayuwar. Baba, shi ne ko?"

Auta ta kalli mahaifinta, tana roƙonsa da ido. Kalma ɗaya ce, ya ce eh, matar nan ta tafi da uba, kowa ya huta. Wa zai taɓa ganewa? Baba ya daɗe yana kallon hoton, kuma ba fuskar yake kallo ba.

"Ba shi ba ne, 'yata."

"Baba, ka duba da kyau."

"Na duba. Kin ga labulen da ke bayansa, mai zanen jirgin sama? Ina littafi na goma sha ɗaya na sa aka zana mini shi. Mahaifinki yana na bakwai. Lokacin labule mai zanen bene nake da shi, da ledar ƙasa mai gida-gida. Wannan yaron ya zo bayan mahaifinki da shekara biyar ko shida. Ba zan ba ki uban wani ba."

Malamar ta saki hannun Auta, ta jingina da kujera, hawaye suka zubo mata ba tare da sauti ba. Auta ta ji haushin tsohon nan ya taso mata har wuya, sannan ya kwanta, don ta san gaskiyarsa ce, kuma ba shi ya jawo ba.

"Labule mai bene," in ji Baba, kamar da kansa yake magana. "Koma farko, Auta. Duk wanda ba mai bene ba, wuce shi."

Suka koma farko. Yanzu abin ya yi sauri, don ba mutane suke kallo ba, kayan shago suke kallo. Mai jirgi, wuce. Mai fulawa, wuce. Mai bene amma da kafet a ƙasa, Baba ya ce wuce, kafet ya zo ne bayan leda ta yage. Wanda ke zaune, wuce. Mai riga mai duhu, wuce. Sau biyu Baba ya rikice, ya ce tsaya, ya rufe ido yana motsa leɓe, yana neman ko teburin fulawar nan kafin leda ne ko bayanta, sannan ya ce a bar shi a ciki, ba shi da tabbas. Zuwa la'asar suka kai ƙarshe. Auta ta ƙirga abin da ta ware gefe.

"Arba'in da ɗaya."

Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da bayan hannu. "Iyakata ke nan, 'yata. Ki yafe mana. Na riƙe miki shi shekara hamsin, sai da kika zo ya kuɓuce."

Malamar ta daɗe tana kallon ƙananan hotunan da suka jeru a gilashin, samari arba'in da ɗaya cikin farar riga a gaban bene na zane. Ta share fuskarta, ta zaro wayarta ta miƙa wa Auta.

"Ki tura mini su duka."

"Duka, Anti?"

"Duka. Jiya ba ni da ko ɗaya. Yau dai na san yana cikinsu, kuma na kalli fuskarsa, ko ban gane shi ba."

Auta ta tura. Wayar ta yi ta ƙara tana karɓa ɗaya bayan ɗaya, malamar tana riƙe da ita da hannu biyu har ta yi shiru. Ta roƙi a mayar mata da katin, ta sa shi a jaka, ta durƙusa ta yi wa Baba sallama. Auta ta raka ta bakin titi, ta tsaya har ta sami abin hawa.

Da ta dawo falo ta tarar Baba ya fito da littattafan duka ashirin da shida, ya jera su a kan tebur, yana haki kaɗan. Ta tsaya tana jiran faɗan da ta san ta cancanta.

"Gobe ba ki da aiki ko?" ya ce.

"Babu, Baba."

"To ki zo da wuri, ki taho da takarda. Labule huɗu na yi, kujera shida, leda biyu, kafet ɗaya. Ni kaɗai na san wanne ya riga wanne." Ya dafa littafin da ke sama don ya samu ya zauna. "Ki zo da safe sosai, Auta. Da safe na fi tunawa."